Gonar Yayanki da Na Share

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randa bayan doguwar tafiya, ke da kika raɗa mini Malam Tarihi har sunan ya bi ni layi guda,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya kasa ɗaga kai. Tsakanin shagon gyarana da kantin maganin da kike aiki titi ne kawai, amma tun ranar da abin nan ya faru ya zame mini kogi. Kullum da safe kina buɗe ƙofa, ki ce mini ina kwana cikin ladabi, irin wanda kike yi wa direban da ke kawo muku kwalaye, ni kuwa sai in sunkuya ƙarƙashin tebur kamar mai neman noti. Babu notin da ya faɗi, masoyiyata. Kunya ce take tanƙwara ni.

Kin tuna farkon shigowarki? Rediyon kantinku kika kawo gyara, idonki ya faɗa kan kantar da na jera tsofaffin na'urorin wasa. Tambaya ɗaya kika yi, wai wancan akwatin mai launin katako na mene ne. Shi ke nan na ɓalle. Na ba ki labarin zamanin da wasan gida gaba ɗaya bai wuce fararen sanduna biyu da ɗigo ɗaya mai kai-komo a talabijin ba. Na zarce zamanin kaset, da yadda muke hura masa iska da baki in ya ƙi tashi, muna jin kanmu injiniyoyi. Na gangaro zamanin faifai, na hau na 'yan ƙanana da ake sawa a aljihu, ke kuwa kina tsaye da rediyo a hannu har mai kantinku ya leƙo nemanki. Da za ki fita kika ce, "Malam Tarihi, rediyon fa?" Kika yi dariyar nan taki mai sauka a zuciya kamar ruwan farko. A ranar zuciyata ta bi ki ta tsallaka titi, har yau ba ta dawo ba.

Sai da maganar aurenmu ta kankama kika nuna mini abin da ba kowa kike nuna wa ba: 'yar na'urar hannu ta yayanki, Allah ya jiƙansa, irin mai koren allo marar fitila, wadda sai an karkata ta wajen taga ake gani. Da ita ya yi jinyarsa a gadon asibiti. A cikin kaset ɗin da ke jikinta akwai gonar da ya noma a wasa, da dabbobin da ya raɗa wa sunayen tsokanar 'yan gidanku, har da wata akuya mai taurin kai da ya sa wa Rigima, sunan da yake kiranki da shi. Kin ce in kewarsa ta taso miki, kunnawa kike yi, ki ba shukarsa ruwa, ki kashe. Kin ce Mama ma takan ce a nuna mata gonar ɗanta.

Madanni ɗaya ne ya maƙale, shi kaɗai kika ce in duba. Nan da nan na gyara shi, da na tsaya a nan da yanzu muna dariyarmu. Sai son burgewa ya hau kaina. Na zaro kaset ɗin na kwance shi, ba ki sa ni ba, ina yi miki lacca. Wai a da mai wasa sai ya kwafe wasu dogayen haruffa a takarda in yana son ci gaba daga inda ya tsaya, har masu ƙira suka yi dabarar sa ɗan batir kamar kwabo a cikin kaset, shi ke riƙe da ajiyar wasa ko an kashe na'ura. Wai na yanzu kuwa a intanet suke ajiyarsu. Na ce batirin wannan kaset ya tsufa, bari in sa sabo. Bakina yana faɗin batirin nan ne ke riƙe da komai, hannuna yana ɓamɓare shi. Wace irin makanta ce wannan? Duk mai wannan sana'a ya san sai an kwashe ajiyar tukuna, kuma abin kwashewar yana cikin durowa, daidai gwiwata.

Kika kunna. Allo ya kawo, babu gona, babu Rigima, sai fili yana tambayar sunan sabon ɗan wasa. Na so ki zage ni, farin cikina. Na so ki jefe ni da ita, ki tara mini mutanen layi. Kika ajiye ta a kan tebur a hankali, kika ce, "Ba komai, haka Allah ya so," kika fita ba ki waiwayo ba. Wallahi da mari kika yi mini da ya fi sauƙi.

Akwai kunya ta biyu, gara ki ji ta daga bakina. Na nemo wani kaset irinsa, na zauna ina noma sabuwar gona, da niyyar in ce miki na yi dabara ta dawo. Mai walda na kusa da ni ya leƙo ya gani, ya girgiza kai ya ce, "To, gona dai ka ƙera. Yayan nata fa, shi ma ƙera shi za ka yi?" Ban ji maganarsa ba sai da na zo raɗa wa dabbobi suna. Akuya na sani. Kazar fa? Saniyar fa? Kin faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya ranar da kika nuna mini, ni kuwa na juya bayan na'urar ina lissafin shekarar da aka ƙera ta. Na san tarihin kowane akwati a kantata, amma ban san ko da abin da ke ba yayanki dariya ba, domin ban taɓa tambaya ba. Na share gonar ƙaryar da hannuna.

Jiya kuma ƙanwarki ta gaya mini kin ce wa Mama na'urar ce ta lalace don kanta. Haba, tauraruwata, ni na yi ɓarna ke kuma ki rufa mini asiri? Ina zan kai wannan nauyi? Ki ba ni izini in zo gaban Mama in durƙusa in faɗa mata gaskiya. In ta ce ba ta ba wa irina 'yarta, ba zan ce ta zalunce ni ba, sai dai ban san yadda zan ci gaba da buɗe shago ina kallon ƙofarki ba.

Ba zan yi miki alkawarin dawo da abin da ya tafi ba, babu mai gyaran da ya isa. Na'urar tana nan, na naɗe ta cikin ƙyalle mai tsabta, gurbin sunan yana nan fayau, ban taɓa shi ba kuma ba zan taɓa ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne, ko da yake ban cancance shi ba. In zuciyarki ta yi sanyi, ki tsallako. Na share kujera, na kashe rediyo. Ki zauna ki ba ni labarin yayanki tun daga farko, da sunan kazar, da na saniyar, da dalilin da ya sa ya ce miki Rigima. Abin da batir ya riƙe shekara da shekaru, ni zan riƙe shi har ƙarshen numfashina. Wannan karon ke ce mai tarihi, ni zan yi shiru.

Naki shi kaɗai, ko kin tsallako ko ba ki tsallako ba,
Malam Tarihi