Bube Ya Ƙi Cewa I, Ya Ƙi Cewa A'a

Malam Ummaru, don Allah ka taimake ni kafin abokina ya sa mani hawan jini. Ni manomi ne a Kaikai ta Kusada. Ɗiyata Shamsiyya ke rubutawa, ni ke faɗa, in ka ga ƙarin gishiri nata ne.

Shekara ashirin da biyu ke nan, duk bayan girbi abokin nan nawa, Bube, ke sauke shanunsa a gonata. Su ci kara, su bar mani taki, matarsa Iyatu ta riƙa aiko mana da nono, mu kuma mu aika masu da gero. Ba takarda, ba shaida. Gonar jigawa ce, Malam, in babu takin nan ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.

To bana na gamu da shi a kasuwar Kankiya, na tambaye shi yaushe za a sauka. Ya ce to, mu gani. Bayan sati na bi shi har ruga. Aka dama mani fura, na sha na ƙoshi, na sake tambaya. Ya dubi sama, ya dubi sandarsa, ya ce mani ai gonarka gona ce. Wa ya ce ba gona ba ce? Karo na uku na ritsa shi bayan sallar Juma'a, na ce i ko a'a. Wallahi sai mutumin nan ya ce duka biyun alheri ne.

Shamsiyya tana karatun Turanci a Katsina, ta ce Turawa ma na da kalmar da suke siffanta irin wannan amsa da ita, wai ikwibokali. Sau uku tana faɗa kafin harshena ya ɗauka. Wai asalinta daga Latin ne, murya biyu masu nauyi ɗaya. Da can malamansu ke faɗinta a kan kalma mai ɗauke da ma'ana biyu, daga baya aka maida ta kan mai zille wa gaskiya. Na ce mata madalla, ciwo ya samu suna, gona dai ba ta samu taki ba.

Abin haushin, bana ne na fi gyara wurin. Na turke raguna shida don layya, sai na sa aka kwashe harawa da kara kaf aka ɗora bisa rumfa, gona ta yi fes kamar tsakar gida. Har Iyatu ta tambayi matata ko za a sauke wani abu daga rumfar, na ce a ce mata mu gani.

Yanzu an ce an gan shi yana zagaya wata gona a Mawashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba takin kaɗai ba ne. Bube na cikin waɗanda suka ɗauki makarar mahaifina. In ya sauka can, da wa zan riƙa zaman hantsi? In nemi wani makiyayin ne, ko in sake ritsa shi?

Naka, Mai Jigawa, Kaikai.

Malam Mai Jigawa, na yi dariya, na kuma tausaya maka. Kana da gaskiya ta wani gefen: manomi na buƙatar sanin matsayinsa kafin rani ya yi nisa, kuma harawarka ce, ragunanka ne.

Amma fa Bube ya amsa maka, har sau uku. Saniya ba tsabta take ci ba. Ka share masa akushi tas, sannan kana bin sa kasuwa da masallaci kana tambayar yaushe zai zo cin abinci. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana cin geronka ba zai dubi idonka ya ce gonarka ba abin lasa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Shi ya sa Iyatu ta bi ta wajen matarka. A gaya wa Shamsiyya kalmarta ba ta hau kan Bube ba, shi kunyata ka yake gudu. Ta gwada ta a kan wanda ya aika wa Iyatu da amsa.

Kar ka nemi wani, kar kuma ka sake ritsa shi. Ka bar wa raguna harawarsu, ka sauke karan nan ka baza a gona tun makon nan. Sannan ka je ruga ka sha fura, cikin hira ka ambata cewa kara ya yi maka yawa, ba ka san yadda za ka yi da shi ba. Kar ka ƙara ko kalma.

Wataƙila ya sake ce maka mu gani. Kar ka damu, shanunsa ba su iya wannan amsar ba. Allah ya cika jigawarka da taki, ya bar ku a inuwa ɗaya da hantsi.

Malam Ummaru