Tururuwa a Kan Yadi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takowa ƙofar shago ta zauna tana yi wa masu kawo ɗinki faɗa a kan tsawon riga. Surukinka, maigidana, yana nan da tarinsa, ya ƙi asibiti kamar kullum.

Auta, wata magana ce ke cina, ka kuwa san ni ba na iya ajiye abu a ciki. Ranar Talata babbar 'yata ta faɗo shago da waya a hannu, wai ga Kawu a bidiyo yana koyar da ɗalibai. Na tsayar da keken ɗinki, abokan aikina biyu suka matso, har da wata mai jiran a rage mata siket. Sai ga ka tsaf a gaban allo, kana bayanin yadda lokaci ke tafiya a hankali ga abin da ke tsala gudu. Ka ce a ɗauka haske yana kai da komo tsakanin madubi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a cikin jirgin ƙasa. Na cikin jirgi a miƙe yake ganinsa, na tsaye a tasha kuwa a karkace, hanyar ta fi tsawo. Tunda gudun haske ɗaya ne ga kowa, sai na tasha ya ga agogon jirgin yana jan ƙafa. Wallahi kaina ya kumbura, sai cewa nake ƙanena ne, ni na goye shi.

Sannan ka kawo misalin allura, murna ta kama ni. Ai ka tuna. Saura kwana uku jarrabawa, kana zaune a bencin shagona idanunka sun yi ja, abin ya ƙi shiga kanka. Na ce ka karanta mini da ƙarfi, ka karanta har sau uku ina taka keke. Ni na ce maka ka dubi allurar nan, a wajena sama da ƙasa kawai take yi, amma tururuwar da ke kan yadin da ke tafiya a karkace za ta gan ta. Ka yi tsalle har ka zubar mini da gwangwanin maɓallai.

To, me ka faɗa wa ɗalibanka? Cewa ka yi wata tela ka taɓa gani a bakin titi, baiwar Allah ba ta ma san abin da take yi ba, sai tunanin ya faɗo maka. Suka yi dariya, kai ma ka yi. Haba Auta! Mai siket ta sunkuyar da kai. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba, irin zafin da bare bai isa ya sa ni ba. Da ka ce kai ka ƙirƙiro, da na yafe. Amma ka tuna da ni sarai, sannan ka cire ni daga cikin danginka.

'Yar tawa kuwa ta san labarin, don Inna ta ba ta shi ya fi sau goma, kuma saboda shi ta zaɓi karatun kimiyya. Da muka koma gida ta tambaye ni ko kunyarmu kake ji. Na ce mata masu bidiyon ne suka yanke inda ka ambace ni. Tunda na haife ta ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar, kuma dominka na yi. Ta ce za ta kira ka ranar Asabar ta ji da bakinka. Sai ka shirya abin da za ka faɗa mata, don ni ba zan yi ƙarya ta biyu ba.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Inna tana sa maka albarka, ban bari ta ga bidiyon ba.

Ni ce,
Yayarka, uwa ɗaya uba ɗaya.