Fitilun Motocin Gonarka Sun Kwantar Mini da Miji

Zuwa ga Alhaji, mai babbar gonar shinkafa ta bakin tafki a ƙasar Ngaski.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Hassi, sana'ata bandar kifi. Mijina Garba masunci ne, muna zaune a wata tungar masunta kusa da Wara. Na yi ta zuwa ƙofar gonarka, kullum masu gadi su ce manaja ya yi tafiya. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani.

Na farko, ga abin da ya faru. A tsakiyar daminar da ta wuce muka fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Garba ya goya ni a babur da kwandon kifi, za mu kasuwar Yelwa. Muna shan wata kwana sai ga farar jif mai tambarin gonarka. Ban da fitilunta na gaba, an jera mata wasu a kan rufi, ga manya biyu a hanci, duk a kunne, duk sun ɗaga kai suna dukan fuskar mai tahowa. Garba ya yi ta kashe fitilarsa yana kunnawa don direba ya rage, bai rage ba. Abin da na ji kawai shi ne, "Hassi riƙe ni, ba ni ganin hanya!" Sai muka afka bakin kwalbati.

Zan faɗi gaskiya: motar ba ta taɓa mu ba. Amma ba ta tsaya ba. Ni na tashi da ƙujewa. Shi babur ya danne shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Na tallafe kansa cikin taɓo ina ihu, har Allah ya kawo wani mai a-kori-kura ya kai mu asibiti.

Na biyu, halin da muke ciki. Garba yana dogara sanda yanzu, amma ba ya iya tsayuwa cikin jirgi ya jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi. Mutumin da bai taɓa wuni a tudu ba, yau a gindin mangwaro yake zama yana kallon ruwa, yana ɗinke wa wasu taru. Inna, mahaifiyarsa, ta daina barci duk ranar da zan tafi kasuwa. Ni kuwa dole in tafi, a bayan ɗan acaba, ta wannan hanyar dai, domin kifina ne ke ciyar da gidan.

Na uku, ba a gyara komai ba. Makon jiya na sake haɗuwa da motocinka, haskensu yana nan yadda yake. Ɗan acaban da ya ɗauko ni sai da ya sauka gefe ya dafe ƙasa da ƙafa har suka wuce. Na san hanyar gonarka akwai ramuka da shanu, direbobinka suna bukatar haske. Ban ce a cire ba. Na tambayi mai gyaran wutar mota a Yelwa, ya ce a tsayar da mota a fili tana fuskantar bango, a sassauta kusoshi a sunkuyar da fitilun har haskensu ya kwanta a ƙasa, shi ke nan.

Don haka ina roƙon abu uku. A sunkuyar da fitilun nan. A umarci direbobi su kashe na rufi da zarar sun hau titi ko sun hango mai tahowa. Sannan direban ranar ya zo ya duba Garba. Ba ƙara za mu kai shi ba, so nake ya ga ƙafar da idonsa.

In kana shakkar maganata, Alhaji, ka tsaya a gaban motarka bayan magariba, ka sa a kunna maka su duka, sannan ka gwada takowa zuwa gare ta.

Allah ya albarkaci gonarka, ya tsare ka da 'ya'yanka a kan hanya, ya sa kada ka taɓa riƙe naka a bakin titi kana jiran mai taimako.

Wassalam.

Hassi matar Garba, daga bakin ruwan Wara.