Yunit Ashirin da Huɗu

Litinin, 6 ga Oktoba

Na yi rajista. Shekara tara da barin aji, yau ga ni ɗalibar harhaɗa magunguna. Na kwashi yunit ashirin da huɗu, iya abin da aka yarda a ɗauka. A lissafina awa ashirin da huɗu ke nan a mako, sauran lokacin na Baba ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya karɓar abinci sai a hannuna.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Malamar da ke kula da ajinmu ta duba fom ɗina, ta zare tabarau. Wai kowane yunit awa uku ne, ɗaya a aji, biyu kai da littafi. "Awa saba'in da biyu, baiwar Allah. Ba ki da kowa a gida ne?" Na yi dariya kamar wata sakarai. Ta ba ni takardar rage kwas, in sauko zuwa sha biyar, amma sai an ƙara mini shekara. Juma'a ta sama za a rufe karɓa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Karatu nake, cokali na hannuna, shayi ya zube wa Baba a riga. Bai yi motsi ba. Ni na yi kukan.

Talata, 14 ga Oktoba

Laccar ƙarfe biyu ta kai mu biyar. Na tarar da Yayata tsaye a kan Baba da kwano, abincin ya huce, Baba ya datse baki yana kallon ƙofa. Yaya ta ce, "Ke kika sangarta shi, sai ki zo ki ji da kayanki." Wasa take, amma idonta ya yi ja. Na cike takardar, na sa hannu.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ofishin da ake miƙa takardar a buɗe yake har ƙarfe huɗu. Sau biyu na wuce ta ƙofarsa. Muna ɗakin gwaji, ruwan da ke kwalbata ya rikiɗe ya koma ja daidai yadda malam ya ce, daɗi ya kama ni. Ko da na fito an kulle.

Na ce wa Yaya mantawa na yi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na shigo da la'asar, Yaya na ba shi abinci, yana buɗe baki ba gardama. Ta ce yau kwana huɗu ke nan. Na yi sallama, na ce Baba sannu da jiki. Ya ɗaga ido, ya mayar kan cokalin.

Na tsaya jiran a ce in karɓa. Ba wanda ya ce.

Na shige ɗaki na gama babi biyu ba tare da an kira ni ba. Allah ya yafe mini, karatun ya shiga sosai.