Baba Ya Miƙa Mini Damin Irinmu Na Ƙarshe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle, ko abinci ba ni jin daɗinshi.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Kurawa, ƙasar Sabon Birni, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Na karanta harkar noma a jami'a, na yi sabis, na dawo gida na sha zaman jiran aiki har abokai sunka fara kirana mai gadin zaure. Daga baya Allah ya sa anka ɗauke ni a sashen noma na ƙaramar hukuma, malamin gona, kuma yankinmu anka turo ni. Ranar da na fara shiga ofis ji nike kamar ni za ni gyara duniya. Abin da ba a gaya mini a makaranta ba, can in ka yi kuskure maki ne za a rage maka, gonar gwajinmu ma famfo gare ta. Nan ko in ka yi kuskure, rumbun mutum ne ke zama wayam.

Ga waɗanda ba manoma ba, muna da abin da ake kira binne. Kafin ruwa ya sauka sai a shuka gero a busasshiyar ƙasa, ya kwanta yana jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsiro rana ta ƙone shi, ka yi asara. Bara waccan haka ta faru, yayyafi ya yaudari mutane, kowa ya sha sake shuka har iri ya yi wuya.

To bara, damanata ta farko a aiki, oga ya tara mu mitin ya ce hasashen da anka turo ya nuna ruwan farko zai zo ya ɗauke, mu je mu gaya wa manoma kada a yi binne, a jira ruwa ya zauna. Ni ko da zafina na sabon ma'aikaci, na tashi bayan sallar Juma'a a garinmu na rattaba bayani. Dattawa sunka ce to malam, mun ji, Allah shi yi albarka. Da gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi ya tafi binnenshi. Mutum ɗaya ne bai tafi ba, Babana.

Kun san alkunyar ɗan fari a wurinmu. Tun da nike ban taɓa jin Baba ya faɗi sunana ba, sai dai wancan yaron, kuma ba ya yi mini magana kai tsaye, komai sai ta bakin Gwaggo, ƙanwarshi wadda ta goya ni. Ita ta gaya mini wai ya ce in shi bai bi maganar ɗanshi ba, wa zai bi?

Ruwan farko ya zo kamar da bakin ƙwarya, na biyu ya biyo shi, sannan damana ta ɗauke da wuri. Masu binne sun samu ɗan abin kai wa rumbu. Geron Baba da anka shuka a makare ya fid da kai bai yi ido ba, yana tsaye ya bushe. Gonakinmu na nesa kuma kun san halin rashin tsaro da ake ciki, ba a zuwa, wannan ta bayan gida ita kaɗai muke da ita. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, amma ko kallon banza bai yi mini ba. Na kai kuka wurin oga, ya ce shi ma saƙo ya isar, ruwa na Allah ne. Ban ga laifinshi ba. Har yau in na shiga kasuwar Sabon Birni sai wani ya ce malamin gona, yaushe ka sa mana ruwan bana? Sai in yi dariya in wuce.

Geron gidanmu ba irin na kasuwa ba ne, tun kakanmu ake zaɓen zangarniyarshi ana ajewa. Yanzu dami ɗaya ya rage, rataye a ɗakin Baba. Duk ranin nan masarar awo munka ci da albashina, ko ranar da ba a ɗora tukunya ba bai bari an taɓa shi ba.

Bana ga shi mutane sun fara binne, ofis kuma saƙon bara anka sake ba mu, a jira. Na aika Gwaggo ta ce wa Baba don Allah ya yi yadda ya saba, kada ya dubi aikina. Ta dawo ta balbale ni da faɗa, wai ni da na yi shekaru ana sayar da awaki ana tura mini, yanzu ne za ni ce ban sani ba, to mi na je karantawa? Na ce to a raba damin biyu, rabi binne rabi jira. Nan ma Baba ya ƙi, wai in anka gan shi da sungumi alhali ɗanshi na yawo bisa babur yana cewa a dakata, ya tsinka ni a gari. Na ce za ni sayo iri wurin 'yan kasuwar da ke shigowa daga Nijar, ya ce ba ya zuba baƙon gero a gonar ubanshi nashi na rataye.

Shekaranjiya da safe ina ƙoƙarin ta da babur za ni ofis, sai ga Baba ya fito da damin nan a kafaɗa, ya aje gabana. Ya kira sunana. Wallahi sai da na waiwaya in ga ko da wani yake.

Ya ce, "Ga shi nan. Ranar da kac ce, ita za ni shuka. Ni idona ya bar gane sama."

Ya juya ya shige gida.

Jama'a ni ma ban gane saman nan ba. In na ce ya yi binne yayyafi ya zo, irin kakanmu ya ƙare a hannuna, kuma na ƙaryata abin da nike gaya wa mutane da bakina. In na ce ya jira damana ta sake yi mana irin ta bara, ban san da wane ido za ni dube shi ba. In na yi shiru, na san halinshi, jira zai yi har damana ta wuce. Na yi istihara, na duba hasashe a waya har na gaji, zuciyata ba ta tsaya ko'ina ba.

Damin na ɗakina yanzu, kuma tun jiya hadari ke haɗowa ta gabas. Tun ina yaro nike burin in ji sunana a bakin Baba, ga shi na ji, kuma amsa yake jira. Don Allah wanda ya san noma, ko wanda aikin gwamnati ya taɓa haɗawa da gidansu, mi za ni ce mishi?