Takalmin Musa

Laraba da dare, Agadas.

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau muka yi darasin ɗinkin rauni ta bidiyo, furofesa yana Yamai, mu ɗalibai kowa yana garin da aka tura shi istaj, wato koyon aiki a asibiti, ni kuma ina nan gida. Su Musa ɗan ajinmu suna da fatar roba ta koyo. Ni ƙafar akuya na sayo wurin mahauci, na jingina tarho da tulu don a ga hannuwana.

Na ja zare tamau, yadda Baba ya koya mani a kan jaka tun ina ƙarama. Furofesa ya ce, "Hadiza, kin shaƙe fatar, jini ba zai bi ba." Gaskiyarsa, na yarda. Sai Musa ya buɗe mikoro ya ce, "A yi mata haƙuri, ɗiyar baduku ce, takalmi take gani." Kowa ya kwashe da dariya.

Musa fa! Takalmin da yake taƙama da shi a Yamai, Baba ya ɗinka, ni na kai masa kyauta.

Na nuna wa Baba ƙafar akuyar. Ya shafa ɗinkin da yatsa ya ce, "Sassauta, uwata. Mu matacciyar fata muke ɗinkawa, taki mai rai ce." Har isha'i ina ƙulli yana dubawa.

Ran Asabar za a gwada mu ɗaya bayan ɗaya. In Allah ya so sai ɗinkina ya fi na Musa a gaban kowa, sannan in buɗe mikoro in ce ya maido mana takalminmu.