Gorar Yaya Sadi

Asabar, bayan sallar isha'i, Gwale.

Yau ma na wuni a kududdufin bayan unguwa ina koyon fatsa. Ƙananan karfasa biyu na kamo, sai sauro da warin kwata. Baba Iro masunci ya leƙa bokitina ya yi dariya.

"Malam Habu, nan ai wasan yara ne. Gobe ka biyo mu dam, can giwan ruwa yake. Sai dai kifin can ba ya cin tanar mai gaggawa."

Na ce masa zan yi shawara.

Wallahi raina yana son dam ɗin. Amma tun da ya ambace shi, gorar Yaya Sadi nake gani, wadda ke rataye a zaurenmu. A kanta yake kwanciya ya shiga tsakiyar ruwa, duk abin da ya kama ya jefa cikinta. Ranar da ya nutse a dam ɗin, gorar ce ta dawo gaɓa ita kaɗai, kifin ciki bai ko mutu ba. Inna ta hana a dafa shi.

Ɗazu da na ajiye mata bokitin, karfasar tana ta motsi. Ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba.

"Habu, daga wane ruwa?"

"Kududdufi, Inna."

Sai a lokacin ta ɗauko wuƙa.

Da asuba Baba Iro zai yi sallama a ƙofa, kuma ta ƙarƙashin gorar nan zan bi in amsa masa.